Kafin Yaro Ya Hau Jirgi

A wajenmu, daga Dosara zuwa Maradun, daga Bakura zuwa Talata Mafara, ranar da aka ji sunan yaro ya fito cikin waɗanda gwamnati za ta kai karatu ƙasar waje, gidansu ya zama gidan biki. Mata na shigowa barka, uba na amsa gaisuwa a zaure, a kai yaro wurin liman ya sa masa albarka, a kai shi ya yi sallama da hakimi. Uwa kuwa ta duƙufa haɗa yaji da kuka da daddawa. Duk wannan daidai ne, kuma ina farin ciki da shi. Abin da ke damuna shi ne yawanci a nan shirin ke tsayawa. Sai a ɗauki hoto a Gusau, a yi jawabi, a ce su zama jakadu na gari, a zuba su a mota zuwa filin jirgi.

Na yi shekaru ina koyarwa tun muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a yanke mana Zamfara a 1996, kuma ni ma na ɗanɗani karatun waje a ƙuruciyata. Ba yau muka fara tura 'ya'yanmu ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je Landan karo ilimin koyarwa a 1945, Malam Aminu Kano ya bi sahu a shekarar da ta biyo, Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan ƙasar nan tamu, ya yi karatu a Bakht er-Ruda ta Sudan a tsakiyar shekarun 1950. Amma a lura da abu ɗaya: waɗannan duk magidanta ne, sun yi aiki, sun san kansu kafin su fita. Yau kuwa yaro ɗan shekara 17 ko 18 muke turawa, wanda iyakar tafiyarsa Sakkwato ko Kano, wani ma bai taɓa dafa wa kansa ko ruwan shayi ba.

A zamaninmu kuɗi ba su ne matsala ba, don a farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja, kuma alawus yana zuwa. Abin da ya girgiza mu a Ingila shi ne zaman kansa. Ɗakin da na kama yana da wani ɗan akwatin ƙarfe a gindin bango, sai ka jefa sulalla ciki wutar ɗumama ɗaki ta kama, kuɗin na ƙarewa ta mutu, ko da tsakar dare ne. Da hunturu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa, ka sallaci azahar da la'asar da magariba kusan a jere. Azumin 1983 a can ya same ni, cikin watan Yuni, inda ake kame baki fiye da awa 18, ka sha ruwa kai kaɗai ba kunu ba ƙosai, ba wanda zai ce maka sannu da shan ruwa. Na ga namiji mai gemu yana hawaye saboda kewar gida. Na kuma ga wanda kaɗaici ya kai shi ga abokan banza, ya dawo ba takarda ba tarbiyya. Ba wanda ya gaya mana waɗannan abubuwa kafin mu tashi, kuma har yau ban ga ana gaya wa yaranmu ba.

Amma bari in fara da abin da ya fi kewa da sanyi haɗari, wato takarda. A 2019 gwamnatin Bello Matawalle ta ɗauki ɗalibai kusan 200 zuwa Sudan da Indiya da Sin da Cyprus, yawancinsu don karatun likita da fannonin kimiyya. Niyya ce mai kyau, mun yi murna da ita. Zuwa 2024 sai ga labarin 'ya'yanmu fiye da 80 da ke Arewacin Cyprus ya cika gidajen rediyo: bashin kuɗin makaranta ya taru, takardun zama na wasu sun ƙare, wasu na aikin ƙarfi don su ci abinci, manya kuma na ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka ci bashin da yadda za a biya. Ban zo in raba gardama tsakanin 'yan siyasa ba. Tambayata ga mu iyaye ce. Cikin mu, mutum nawa ya san cewa Arewacin Cyprus yanki ne da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a can? Hukumar kula da 'yan Nijeriya mazauna waje ta sha gargaɗin iyaye game da wurin. Gargaɗin ya tsaya a jaridun Abuja, bai iso zaurukanmu ba.

Na taɓa zama da wani dattijo da ɗansa ke shirin tafiya, na tambaye shi ko ya ga takardar yarjejeniyar tallafin karatun. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, mi zan tambaya? Mutum ya yi ma ɗiyanka alheri, ka tsaya kana yi mai tambayoyi?" Na ce masa, "Alhaji, wannan ba kyautar aljihun kowa ba ce. Dukiyar jama'a ce, har da harajin da kake biya a kasuwar Mafara. Kuma ɗan naka ne zai kwana da yunwa in abin ya lalace." Kunyar nan tamu ta ƙin tambaya ado ce a wurare da yawa, amma a nan cuta ce. Uba yana da hakkin ya san shekara nawa karatun zai ɗauka, kuma ko an biya kuɗin duka ne ko shekara-shekara za a riƙa biya. Wannan tambaya ita ce uwa, domin karatun likita shekara shida ne, wa'adin gwamna kuwa huɗu. Yana da hakkin ya san ko gwamnati ce ta sa hannu da jami'ar kai tsaye, ko wani dillali ne a tsakani mai cin kamasho a kan kowane kai. Ya kuma san da wane kuɗi aka rubuta alawus. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Duk yaron da aka ƙayyade wa abincinsa da naira, kashi biyu cikin uku na tukunyarsa ya tafi ba tare da ya yi laifin komai ba.

Kada a ce jiha ce kaɗai. Ɗaliban da gwamnatin tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary a ƙarƙashin yarjejeniyar ilimi tsakanin ƙasashe sun yi watanni ba alawus, a 2024 aka rage musu shi daga dala 500 zuwa 220 a wata, a 2025 kuma aka ba da sanarwar dakatar da shirin. Saboda haka gidan da zai saki yaro ya zauna ya yi lissafi tun da wuri: in kuɗin gwamnati suka tsaya wata uku, me za mu iya aika masa? In amsar ita ce babu, to a sani tun yanzu, a kuma yi tunani da kyau. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na nan a Sakkwato, ta tarayya na Gusau, ta jiha na nan kusa da mu a Talata Mafara, kuma digirin da aka kammala a gida ya fi rabin digirin da aka baro a Turai.

Akwai kuma ingancin makarantar. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya sayi digiri a Kwatano cikin 'yan makonni. Wanda ya karanta likita a waje sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Nijeriya kafin ya taɓa majinyaci, kuma da yawa suna faɗuwa. Wannan ba ranar dawowa ake saninsa ba.

Sai yaron kansa. Manoman Bakolori sun san in aka ciro irin shinkafa bai yi ƙwari ba aka dasa, ko ruwa ya wadata sai ya kwanta. 'Ya'yanmu na wannan zamani sun yi karatu cikin tashin hankali. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka ɗauki yara fiye da 70 a sakandaren Kaya, nan maƙwabtanmu. Aka rufe makarantu, aka katse layukan waya. Yaron da ya ratsa wannan ya fito da sakamako mai kyau jarumi ne, amma akwai giɓi a karatunsa, kuma ɓoye giɓin zalunci ne gare shi. Yana bukatar watanni na gyaran Turanci da lissafi da kimiyyar sinadarai, yana bukatar ya saba da kwamfuta, domin a can ba wanda zai karɓi aikin da aka rubuta da biro. In Sin ko Turkiyya ko Rasha za shi, ya sani tun daga gida cewa a jami'o'i da yawa sai ya ba da shekara guda ga koyon harshensu, kuma ko da Turanci ake koyarwa a aji, majinyacin da zai duba a asibiti harshen ƙasarsa yake ji.

Iyaye mata, wannan naku ne. Ku shigar da ɗa namiji madafa kafin ya tafi. Ya iya tuƙa tuwo, ya iya kaɗa miya, ya iya dafa shinkafa da wake. Mu nan muna ganin abin kunya ne namiji ya riƙe muciya, amma ɗalibin da bai iya girki ba alawus ɗinsa na wata a mako biyu yake ƙarewa, kuma shi ne ke fara cin abin da bai san halaccinsa ba. A koya masa raba kuɗi kashi-kashi, a rubuce. Kilishin nan da ake cusa masa a jaka, ƙasashe da yawa ba su yarda a shigar da nama ba, a filin jirgi za a ƙwace. Rigar sanyi ta gaske ta fi masa amfani.

Da na ambaci jaka, ga gargaɗin da nake maimaita wa kowane yaro: kada ka karɓi saƙon kowa ka sa cikin kayanka sai ka buɗe ka gani da idonka, ko da ɗan garinku ne. Mun ga yadda wata ɗaliba ta tashi daga Kano zuwa Umara a ƙarshen 2018, miyagu suka maƙala sunanta a jakar ƙwayoyi, ta yi watanni a tsare a Saudiyya kafin Allah ya wanke ta. Haka nan asusun banki: wanda ya ce ka ara masa asusunka a turo kuɗi ya ba ka wani abu a ciki, gidan yari yake nema maka. In takardar zamanka ta ce awa kaza za ka yi aiki a mako, kada ka ƙara ko da awa ɗaya.

Yaƙi kuma ba ya sallama. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 ɗalibanmu da ke Yukiren suka wayi gari cikin ruwan bama-bamai, suka yi ta neman iyakar Poland da Romaniya da Hungary. Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na azumi, faɗa ya ɓarke a Khartoum, inda muke ganin tamkar gida ne. Aka kwaso yara a motoci, wasu suka yi kwanaki a kan iyakar Masar, wasu aka bi da su ta Port Sudan. Waɗanda suka fi shan wahala bayan dawowa su ne waɗanda takardun sakamakonsu suka maƙale a can, ba abin da za su nuna wa jami'o'in gida. Don haka yaro na sauka ya kai sunansa ofishin jakadancin Nijeriya, fasfonsa ya zauna a hannunsa ba a hannun wani jami'i ko dillali ba, kuma ƙarshen kowane zango ya karɓi sakamakonsa ya turo hotonsa gida. A kuma sami wani ɗan'uwa a Gusau ko Sakkwato wanda wayarsa ba ta mutuwa, ya zama mahaɗa, don mun ga lokacin da aka yi makonni ba mai iya kiran Dosara. 'Ya mace kuwa duk wannan ya hau kanta, da ƙarin a san inda za ta kwana da wadda za ta kai wa kuka, tun kafin a sayi tikiti.

Ina son a gaya wa yaro dalilin tura shi. Madatsar Bakolori da ke gefenmu kamfanin Italiya, Impresit, ne ya gina ta, aka kammala a 1978, kuma iyayenmu sun biya ta da gonakinsu, wasu da rayukansu a rikicin 1980. Da Turawan suka tafi, injinan fesa ruwa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har sai da aka nemo kuɗin Bankin Duniya don gyara. Asibitocinmu na karkara ba likitoci, dabbobinmu ba mai duba su. Ba na ɗora wa yaro laifi in ya ga albashin waje ya yi sha'awa, kuma gwamnatin da ta kashe masa miliyoyi ta bar shi yana yawo da takarda ba aiki ita ta kore shi. Amma yaron da ya tafi ya san me ake jiransa da shi a gida, karatunsa ma daban yake.

Roƙona ga waɗanda suka yi karatu a waje daga Maradun da Bakura da Talata Mafara, kuma muna da yawa: duk lokacin da aka fitar da sunaye, mu nemi izinin sarakunanmu mu tara yaran da iyayensu, maza da mata, ko mako ɗaya ne, mu gaya musu gaskiya da Hausa, mu karanta musu takardar yarjejeniya layi-layi. Kai kuma uba, ka je ofishin da ke kula da tallafin karatu a Gusau ka nemi kofen takardar nan cikin ladabi. In ba ta shigo hannunka ba, kada ka bar ɗanka ya hau jirgi.