Ziyara Kasuwar Katako ta Sokoban

Rumfar da muke zama a ƙofar gidanmu damina biyu kawai ta yi, gara ta cinye ƙafafunta har ta rusuna. Wannan ne ya kai ni Sokoban, a kudancin Kumasi, inda aka mayar da kafintocin Anloga lokacin da aka gina hanyar Oforikrom zuwa Asokwa.

Tun daga bakin ƙofa ƙarar inji ke tarbar mutum, ga ƙurar katako har cikin hanci. Wani dattijo ɗan zango da ya tsufa a sana'ar ya tambaye ni, "Malam, da wane itace aka yi ta?" Na ce wawa. Sai ya yi dariya, ya ce lallai sunan ya bi ni. Wawa fari ne, marar nauyi, mai araha, amma na cikin ɗaki ne; in ya taɓa ƙasa mai laima ya zama tuwon gara. Na waje su ne odum, kusia, denya da tik. Ko a cikinsu ma, in ji shi, a duba launi: zuciyar itacen mai duhu ita ke jurewa, farin gefen kuwa ruɓewa yake yi. Nan na tuna azarar giginya da iyayenmu ke rufi da ita a arewa.

Sai maganar magani. Yawancinmu baƙin mai ko Solignum muke shafawa, alhali shafi a fata yake tsayawa. Na sosai shi ne wanda ake sa katako cikin tukunyar ƙarfe a matsa maganin da ƙarfi har ya ratsa ciki, kamar yadda ake yi wa turakun lantarki. Irin wanda ake kira CCA yakan bar launin kore-kore. Kafin ka biya, ka sa a yanke ɗan guntu ka ga iyakar inda maganin ya shiga, don akwai masu rina bayan kawai.

Amma 'yan'uwa a kula, CCA na ɗauke da gubar arsenik. A Amurka an daina sa shi a katakon gidaje tun ƙarshen 2003. Kada a hura wutar girki da guntayensa, kada a yi akushi ko allon yara da shi.

Ni dai kusia huɗu na saya, kuɗin ya ciji aljihu. Dattijon ya ce in ɗora kowace ƙafa bisa dutsen siminti, kada in binne ta. Yaro ya tura mini su a kura har bakin titi.