Wasiƙun Da Na Hura Wuta Da Su

Yau kaina zan tona wa asiri, ko Allah ya sa wata ta ɗauki darasi.

Shekarun baya na rubuta wani ɗan littafin soyayya a nan garinmu Tsibiri, da daddare in yara sun yi barci. Ƙanena ya kai rubutun tashar Talata Mafara, direba ya wuce da shi Kano wajen wani mai buga littattafai. Mutumin nan wasiƙa uku ya aiko mini. A ta biyun ya faɗi yawan kwafin da zai buga, da kason da zai riƙa ba ni. Na karanta, na yi murna, na cusa su ƙarƙashin katifa. Ran nan da damina itace ya jiƙe, na jawo su na hura wuta. Wallahi ko a jikina.

Da littafi ya shiga kasuwa sai zance ya canza, ya ce shi bai san da wannan magana ba. Maigidana ya ce, "To, ina takardar?" Na yi tsuru-tsuru. Ban taɓa tuƙa tuwo mai tsadar na ranar nan ba.

Daga baya wani yayana malamin makaranta ya ba ni labarin Alhaji Abubakar Imam. A 1933 yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya shirya, aka buga masa Ruwan Bagaja a 1934. A 1936 East ya sa aka kawo shi Zariya ya rubuta Magana Jari Ce. Mutanen nan biyu sun yi ta musayar wasiƙu, kuma ba a ƙone su ba. Imam ya rasu a 1981, amma a 1989 kamfanin NNPC ya fitar da tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tsara, har da wasiƙu a ciki. Fayilolin gwamnatin wancan zamani kuwa suna nan a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, masu bincike na zuwa suna dubawa.

Ni fa? In jikata ta tambaye ni yadda littafina ya fito, sai dai baki, shi kuwa baki mantuwa gare shi.

'Yar uwa, mu da ke adana kwanonin jere shekara da shekaru ko ƙwarzane babu, takarda guda za ta gagare mu? In kin yi yarjejeniya da mai buga littafi, ko ma wani ciniki ne, ki sa a rubuta, ki yi hotonta, ki naɗe a leda ki sa a ƙasan akwati. In ta WhatsApp kuka yi, ki kai a fitar miki a takarda, don waya tana ɓata, tana kuma lalacewa.

Allah ya sa mu dace, amin.