Tagogin Jirgin Kara

Mu tagwaye ne, kuma har muka shekara goma ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa da idonmu ba. Jirgi ya iso Kano tun 1911, amma reshen da ya nufi Nguru ta Ringim ya bi, ya bar ƙauyenmu na gefen Ɗambatta a baya. Iyakar saninmu da shi hoto guda ne a littafin firamare, sai labarin Baba, wanda ya hau sau ɗaya yana saurayi, bai kuma gaji da maimaita mana ba.

Da kakar 1999, bayan an yanke dawa an tara kara a bayan gida, muka ce mun wuce motar kara, kowane yaro yana da ita. Jirgi za mu yi, kai ɗaya da tarago uku. Totuwar kara ce ginshiƙi, ɓawonsa da muka fere siri-siri shi ne ƙusa, tayoyi kuwa daga tsohon silifas ɗin Inna. Kwana huɗu muna fama. Da muka gama, sai tagogi suka ɓata aikin. Ramuka ne kawai. In ka duƙa ka leƙa ta wannan gefe, akuya za ka hango ta wancan. Kowa ya san ba kowa a ciki.

Shekarar ce aka koma mulkin farar hula, motoci masu baƙin gilashi suka yawaita a titin Kano zuwa Daura. Mukan tsaya bakin hanya muna ɗaga musu hannu, ba mu san ko da mai kallonmu ba. Nan dabara ta zo mana: in taga ta yi duhu, kowa zai zuba fasinjan da ransa yake so.

Mun fara da farar leda da tawadar allonmu. Ta bushe, ta ɓanɓare. Muka kara ledar a hayaƙin aci-bal-bal, ta narke a yatsunmu. Zaren kaset yana da duhun da muke so, sai dai siririntaka, layi shida kafin ya rufe taga guda, kuma iska tana kaɗawa ya watse.

Sai muka tuna da babban ambulan ɗin da ke ƙarƙashin katifar Baba. Hoton ƙirjinsa ne, wanda aka ɗauka a birni saboda tarin da ya ƙi barinsa. Duk wanda ya taɓa ɗaga irin wannan hoto a rana ya san kyansa: ga ƙwari kamar gilashi, ga duhu mai ratsin shuɗi, reza kuma tana yanka shi ba gardama. Gefensa ya fi baƙi, don haka da gefe muka fara, ciki har da kusurwar da aka rubuta suna da lamba. Tagogi goma sha takwas ba wasa ba ne. Kafin mu kai tarago na biyu mun shiga tsakiya.

Ranar da asiri ya tonu, Inna ta riga ta ɗauko muciya. Baba ya ce ta dakata. Ya ɗauki taragon, ya ɗaga shi saitin rana, ya daɗe yana kallo.

"Hassan, Husaini, wannan ai haƙarƙarina ne a taga ta uku."

Muka sunkuyar da kai.

"To, ashe na sake hawa jirgi," in ji shi, dariya ta tayar masa da tari.

Ba a dake mu ba, kuma da dukan aka yi da ya fi sauƙi. Sati biyu bayan nan muna tsaye aka auna gyaɗar da aka ajiye don iri, aka kai kasuwa, saboda likita ya ce sai an ɗauki wani hoton.

Jirgin dai ya yi suna a unguwa. Yara suka riƙa rantsuwa sun hango mutum a ciki. Mu muka tona kanmu, daren da muka sa masa ƙwan tocila da batir biyu don burgewa. Haske na kamawa, taragon ya fito fili, fayau, ba ko kujera. Sai daga baya muka fahimci dalili: baƙin gilashi ba ya da ɓangare, wanda ke gefen duhu shi ke ganin na gefen haske. Washegari muka zauna sassaƙa fasinjoji da totuwa, aikin da muka guje wa tun farko.

Ɗayanmu ya tafi jami'a ya karanta kimiyyar kwamfuta, yau yana rubuta manhaja a Kano. A sana'ar ma akwai baƙin gilashi: a nuna wa mai aiki shafi mai sheƙi da sunayen bogi, alhali ba a gina komai a bayansa ba tukuna. Ɗayan ya riƙe gonar Baba, Allah Ya jiƙansa. In na birni ya zo gida, motarsa ma gilashinta da ɗan duhu, na gona yakan ƙwanƙwasa ya ce, "Sauke, mu ga ko da mutum." Ana dariya, amma ba duka ne wasa ba. An yi shekarar da motar ba ta zo ba ko da salla.

A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tun daga lokacin yaran ƙauyenmu suka koma yin jirgi. Bana muka tarar da ɗan na gona, mai shekara tara, ya haɗa nasa da gwangwanin madara. Na birni ya je mota ya ɗauko masa ragowar baƙar ledar gilashi, irin wadda da mun samu a 1999 da hoton Baba ya tsira.

Yaron ya jujjuya ta, ya kara a ido, ya miƙo.

"Baffa, in na sa wannan, ya Baba zai gane ni ne in mun wuce ta gona?"

Ya ci gaba da fere totuwa. Ya riga ya yi mutum bakwai, yana kan na takwas.