Daƙiƙa Goma Da Suka Kusa Mayar Da Mu Maƙaryata

Mu huɗu ne, dukkanmu 'yan cikin birnin Zariya, ajinmu ɗaya a sakandare. Abin da ya haɗa mu labari ne da malaminmu na kimiyya ya ba mu wata rana ana dab da tashi. Ya ce ɗaliban jami'ar fasaha ta tarayya da ke Akure sun taɓa haɗa hannu da wata jami'a a Japan, suka ƙera ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam mai suna Nigeria EduSat-1. Kowane gefe nasa santimita 10 ne, nauyinsa wajen kilo ɗaya. An harba shi a watan Yunin 2017, sannan ranar 7 ga Yuli aka sake shi daga tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, tare da 'yan'uwansa huɗu na Ghana, Japan, Mongoliya da Bangladash. Sashen tashar da ya fito ta cikinsa sunansa Kibo. Muka kwashe da dariya, muka ce ashe ta Ƙofar Kibo ya fita.

Dariyar ba ta daɗe ba. Malam ya ce tauraron ya faɗo ya ƙone a watan Mayun 2019. Kusan shekara biyu yana ratsa samaniyarmu yana aiko da saƙo ta rediyo, mu kuwa muna ƙasa ba mu ma san da shi ba. Wannan ya ci mana rai, muka yi alkawarin ba za mu sake bari irin wannan baƙo ya wuce ba mu ji muryarsa ba.

Muka yi karo-karo muka sayi wata 'yar na'ura mai kama da filas, ana kiranta RTL-SDR, wadda ke mayar da kwamfuta rediyo. Eriya kuwa da hannu muka haɗa ta, da tef ɗin awo na ƙarfe irin na kafinta da guntun bututun roba. Saman soron gidan su ɗaya daga cikinmu ya zama tasharmu. Sauraro kawai muke yi, domin aika saƙo sai mai lasisi.

Ranar 24 ga Janairun 2021 kamfanin SpaceX ya harba taurari 143 a roka ɗaya. A nan aikin masu sha'awar rediyo yake. Idan aka zube taurari da yawa lokaci guda, suna tafiya ne a jere kamar ayarin fatake. Sojojin Amurka na gano su da na'urorin hange, su ba kowanne lamba da harafi, su fitar da lissafin hanyarsa. Amma na'urar hange ba ta karanta suna. Jami'ar da ta ɓata shekaru tana ƙera nata tauraron sai ta rasa wanne ne nata a cikin ayarin. In ba ta sani ba, ba ta san inda za ta saita eriya ba, kuma makonnin farko su ne mafi hatsari ga ƙaramin tauraro.

Yadda ake gane su ba wani asiri ba ne. Kun san yadda ƙarar ham ɗin mota ke yin siriri idan tana tunkaro ku, ta yi kauri da zarar ta wuce? Haka muryar tauraro take. A mita 437 megahaz, inda da yawansu ke magana, muryar kan haura da kimanin kilohaz 10 idan yana tahowa, ta sauka da kamar haka idan ya ba da baya. Lokacin da ta ratsa tsakiya shi ne lokacin da ya fi kusa da kai. Wasu na faɗin sunansu da ɗigo da ja irin na Mos. To, ka ji suna, ka rubuta daƙiƙar da muryar ta ratsa tsakiya, sai ka duba wace lamba ce lissafinta ya yi daidai da wannan daƙiƙa.

Wani dare cikin tsananin hunturu, an ɗauke wuta, maƙwabta ba su kai ga tada janareta ba, allon kwamfuta ya yi tsit babu hayaniya. Sai ga wani siririn layi ya ɓullo yana gangarowa a karkace. Mai riƙe da eriya hannunsa na rawa don sanyi, sauranmu muna ta yi masa raɗa, ɗaga sama, koma gabas. Cikin minti goma komai ya wuce. Muka fitar da sunan, muka gwada da lissafi, wata lamba ta zauna daram. A daren muka tura wa masu tauraron rahoto, muka sa sunan Zariya a ƙasa. Ranar ba mu yi barcin kirki ba.

Kwana biyu bayan haka, wajen shirin wani sauraron, ƙaraminmu ya lura agogon kwamfutar bai yi daidai da na waya ba. Tsohuwar kwamfuta ce, ta daɗe ba ta hau intanet ba, tana baya da daƙiƙa goma. Tauraro na gudun fiye da kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa goma ke nan ta kai kusan nisan Zariya zuwa Kaduna, kuma a cikin wannan tazara akwai wasu taurarin a ayarin. Da muka gyara lokaci muka sake lissafi, lambar da muka tura ta daina zama, lambobi biyu na kusa da ita suka fi kama.

Gardama ta kaure a zaure. Biyu suka ce a yi shiru, wa zai sani, kuma in muka janye za a ce 'yan Najeriya ba su iya ba. Biyu suka ce a faɗa. Kakan mai gidan yana gefe a kan buzunsa yana jinmu. Ya ce, “Kai samari, ku zo nan. Wanda ya ce ya ga jinjirin wata alhali bai tabbatar ba, azumin mutum nawa ya ɗauka a wuyansa?”

Muka ce, “Na gari duka, Baba.”

Ya ce, “To waɗannan mutane da shaidarku za su juya na'urarsu.”

A daren muka rubuta cewa agogonmu ya yi kuskure, a jingine rahotonmu na farko, ga abin da muka naɗa da lokacin da aka gyara. Amsa ta zo gajeriya, godiya ce da roƙon mu ci gaba da sauraro, domin masu saurare daga wannan yanki namu kaɗan ne. Bayan 'yan makonni ayarin ya warwatse, taurarin suka ba juna tazara, rahotanni daga wurare daban-daban suka haɗu a kan lamba ɗaya. Ɗaya ce daga cikin biyun da lissafinmu na biyu ya nuna.

Tun daga nan muke da ƙa'ida uku. Ba ma hawa soro sai mun saita agogo. Ba ma yanke hukunci da wucewa ɗaya. Abin da ba mu tabbatar ba kuwa, muna rubuta shi a matsayin zato.

Ga 'yan'uwanmu ɗalibai masu son gwadawa, ku fara da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Tana nisan kimanin kilomita 400, tana zagaye duniya cikin minti 90 da 'yan kai, kuma ana ganinta da ido bayan magariba ko kafin asuba, tana tafiya ba ƙyaftawa. Manhajar Gpredict kyauta ce, za ta gaya muku lokacin wucewarta. Ku nemi izinin iyaye kafin hawa soro, ku nisanci wayoyin wuta. In Allah ya kai mu ranar da wata jami'armu za ta sake harba nata tauraron, muna so a samu wanda zai ji shi daga cikin ganuwa, kuma agogonsa daidai.