Ajon Masu Kwat

Mu nan unguwa mun san ajo tun kafin mu ji kalmar gidauniya a rediyo. In gobara ta cinye wa mutum rumfa, ko bashi ya sha masa kai, abokai kan kira makaɗi, a share fili, a jera benci. Kalangu na tashi, maroƙi na kiran suna: wane ɗan wane ya ba da kaza. Kafin a watse an ƙirga kuɗin a faranti a gaban kowa, an danƙa wa mai shi. Iyayenmu da jirgin ƙasa ya sauke a Minna daga Kano da Zariya da Katsina, da wannan al'ada suka zo.

Shi ya sa da 'ya'yanmu ma'aikatan jinya suka ce ƙungiyarsu za ta rufe taronta na shekara da daren kiɗa don tara wa mutanen Mokwa kuɗi, ba mu ga baƙon abu ba. Sunan kiɗan ne baƙo: buluz. Wani dattijo a majalisa ya ce, "Wane Bulus ɗin? Makaɗi ne?"

Mokwa kuwa ba labarin nesa ba ne a wurinmu. Ruwan da ya sauka da asubahin 29 ga Mayu, 2025 ya share Tiffin Maza da Unguwar Hausawa, aka tsamo gawa fiye da 150. Akwai gidaje a layinmu da suka yi zaman makoki. Don haka muka sa manyan riguna muka je, muka zauna can baya kusa da ƙofa.

Gaskiya kiɗan ya kama mu. Jita ce a hankali, mawaƙin ya ja baiti ɗaya, ya sake jansa, sannan ya ba shi amsa, kamar mai ba da labarin wahalarsa ba ya son ya yi kuka. Kiɗan baƙaƙen fata ne na kudancin Amurka, jikokin bayi masu noman auduga a Misisipi, amma kunnen da ya tashi da gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗan Maraya Jos ba ya neman tafinta. Ali Farka Ture na Mali, wanda ya rasu a 2006, ya sha cewa tushen abin nan gida ne. Wani malamin makaranta a cikinmu ya tuna mana B.B. King, sarkin wannan kiɗa, da Ɗan Maraya shekara ɗaya suka rasu, 2015, wata ɗaya tsakani. Allah Sarki.

Ba kowa ya yarda da zuwanmu ba. Wasu dattawa sun ce kiɗa bai kamata a kan mamata ba, a kai sadaka shiru ya fi. Muna girmama maganarsu. Mu dai mun ga rayayyu ne ake wa ajon, masu kwana a ajin firamare ba tabarma.

Abin da ya tsaya mana a rai daban ne. Ba faranti, ba maroƙi. Lambar asusu ce a allo, kowa ya sunkuya kan wayarsa ya tura. Manya suka hau mumbari suka yi alkawarin miliyoyi, aka tafa, aka ɗauki hoto. Nawa ya shiga a daren? Ba a faɗa ba. Alkawari kuwa mun san halinsa, sau da yawa a zauren yake kwana. A ajon gargajiya wanda ya ce dubu biyar, sai dubu biyar ta faɗa faranti kafin maroƙi ya saki sunansa.

Mun rubuta wa shugabannin ƙungiyar takarda, da ladabi. Mun roƙi su faɗi abin da aka tara, da abin da yake alkawari ne har yanzu, da ranar da buhunan shinkafa da kwanon rufi za su isa Mokwa, da hannun wa. Mutum biyu daga unguwa sun ce za su bi motar da kuɗin aljihunsu. In amsa ta zo, mai unguwa zai karanta ta a ƙofar masallaci bayan Juma'a.