Goɗiyar da Baba ya bari

Ranar da aka zauna rabon gadon mahaifinmu a gidanmu na Zuru, babu wanda ya miƙa hannu ga goɗiyarsa. An yi ja-in-ja a kan gonaki, shanun huɗa biyu ma sai da dattawa suka sa baki. Ita kuwa tana ɗaure a turke bayan zaure tana kore ƙuda da wutsiya, har aka kammala lissafi aka ce ta faɗo cikin rabona, tun da ni ne mai son doki tun ina yaro. Hurde ce, mai sanyin hali, shekarunta goma sha huɗu.

Bayan shekara guda ɗana na fari, mai shekara tara, ya ce yana so ya hau doki ranar Sallah kamar sa'o'insa. Nan tambayar ta taso: in kai goɗiyar barbara in jira ta haifa mana namu, ko in je kasuwa in sayo duƙushi?

Mai karatun da bai tashi kusa da barga ba zai ce, me ya hana yaron ya hau goɗiyar? Al'ada ce ta hana. A ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba a fita hawa a kan goɗiya. Dubi Hawan Daushe a Kano ko Hawan Bariki a Katsina, ingarmu za ka gani tun daga na sarki har na yaran hakimai. Larabawan sahara sun saɓa mana a nan, su goɗiya suka fi daraja, ita suke hawa zuwa hari domin ba ta cika haniniya ba, kuma ta wajen uwa suke lissafa asalin doki. Mu kuwa mun bar ta a ƙauye tana haihuwa, ɗanta yana birni cikin ado. Saboda haka ne mai doki a gari yakan san kuɗin da ya saye shi, amma da wuya ya san uwarsa.

Da farko na ɗauka haihuwar gida kyauta ce. Sai na ɗauki biro. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata goma sha ɗaya. Ɗan da ta haifa zai sha nono wajen wata shida kafin a yaye shi. Ba a ɗora masa sirdi da gaske sai ya kai shekara uku, ƙashinsa kuma ba ya gama ƙwari sai wajen biyar. Ke nan daga ranar barbara zuwa ranar da yaro zai sa ƙafa a likkafa, kusan shekara huɗu ce, in komai ya tafi daidai. A tsawon wannan lokaci baki biyu kake ciyarwa: harawa, dusa, dawa, kanwa, maganin tsutsa, da haƙƙin mai kula da su. Wanda ya san yadda farashin damin harawa yake tashi daga Maris zuwa faɗuwar ruwa ya san wannan ba ƙaramar hidima ba ce. Da na tara, na ga kuɗin ya zarce na duƙushi ɗan shekara uku a kasuwa. Masu kiwon doki a Ingila suna da wata tsohuwar magana, wai wawaye ke kiwo masu wayo su saya. Ban ji daɗinta ba, amma biro ya goyi bayansu.

Kuma komai ba ya tafiya daidai. Goɗiyar da ta haura shekara goma sha biyar ba ta saurin ɗaukar ciki kamar ƙarama, wani lokaci a kai ta sau biyu sau uku, kowane zuwa da jiran mako uku. Tana iya ɓari. Abin da ya fi ba ni dariya a kaina shi ne na manta da mafi sauƙin lissafi: rabi da rabi ne, ko namiji ko mace. In mace ta zo, na yi shekara huɗu ina ciyarwa domin in sami wata goɗiyar da ɗana ba zai hau ba.

Ga kuma ƙasar kanta. Zuru ba Sakkwato ba ce. Muna kudancin jihar Kebbi, ruwanmu ya fi yawa, ciyawa ta fi tsawo, ga duwatsu da ƙoramu. Abin da ya sa dawa take yi mana kyau shi ne yake wahalar da doki. Da damina ƙudaje masu cizo da kaska suna yawaita, sammore da tsando ke yaɗawa kuma tsohon abokin gaban doki ne a duk inda kurmi ya fara kauri. Ba banza ba ne dawakin da ake yabo suke gangarowa daga arewa, daga ƙasar Arewa da Adar a Nijar, daga Barno da Chadi, inda ƙasa take a bushe. Babban doki yakan jure damina biyu uku da magani. Jinjiri sau da yawa ba ya jurewa.

To sai in saya. Na tafi Illela, kasuwar Lahadi da ke bakin iyaka daura da Ƙonni, tare da tsohon da ya yi wa mahaifinmu hidimar doki fiye da shekara talatin. Tun da aka rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har aka buɗe ta ta ɓangarenmu a Maris 2024, dillalai suka sami sabon dalilin tsawwala kuɗi, kuma ba su sake shi ba. Amma ba kuɗin ne ya tsayar da ni ba. Wani dillali ya jawo mana wani akawal, ya rantse ɗan shekara uku ne. Tsohon ya ɗaga leɓensa ya duba, ya sake shi, ya ja ni gefe.

"Ɗana, wannan ya cika baki. Ya ba biyar baya."

Ya bayyana mini: haƙoran tsakiya na nono suna faɗuwa a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi. Wanda duk shida suka zama na girma ba duƙushi ba ne. Na ce, "To Baba, ai sai mu duba wani." Ya ce haƙori ne kaɗai ba ya ƙarya a kasuwar doki. Ɗingishin da aka rufe da allura sai bayan kwana uku yake fitowa. Halin cizo da harbi, da dokin da aka hore da bulala har ya tsani mutum, ba a ganinsu sai an kai gida. Ni kuwa yaro zan ɗora a kai. Muka dawo hannu wofi.

A hanya ne na gane cewa tambayar ba ta arha da tsada ba ce. Mai saye yana dogara ga gaskiyar mutumin da bai sani ba. Mai kiwo yana dogara ga cewa nan da shekara huɗu gidan yana nan, turken yana nan, mai ba da ruwa safe da yamma yana nan. A masarautar Zuru wannan ba ƙaramin zato ba ne. Mutanen Danko-Wasagu da Sakaba sun ga yadda 'yan bindiga suka kwashe garkuna suka tashi ƙauyuka, a Maris 2022 kuma aka kashe 'yan sa-kai da dama a yankin Sakaba. Ƙauyen da mahaifinmu yakan tura goɗiyar kiwo da damina, yau ba na iya tura ta can. Ni kaina aiki ya riƙe ni a Birnin Kebbi, ina zuwa gida sau biyu a wata. Tsohon kuwa gwiwarsa ta fara gardama.

Shi ne ya warware mini, ba da hujja ba. Ya ce a ƙasar da samarin Lelna suke yin golmo, su yi shekara bakwai suna noma wa surukai kafin a ba su mata, ban isa in ce shekara huɗu ta yi tsawo ba. Ya ce ya san uwar goɗiyar nan, ya san kakarta, babu wadda ta taɓa harbin yaro. Wannan ne abin da babu shi a Illela ko nawa zan biya. Ya kuma ce jikansa zai karɓi aikin in na ɗauki nauyin karatunsa, na ɗauka.

Mun kai ta wajen wani ingarma aharas na wani dattijo a cikin gari, wanda tsohon ya daɗe yana lura da tafiyarsa. Mun zaɓi Disamba da gangan, domin haihuwa ta faɗo a Nuwamba, ruwa ya ɗauke, ƙuda ya ragu, harawar wake tana sabuwa. Zuwan farko bai kama ba, na biyu ya kama. Na faɗa wa ɗana gaskiya, cewa Sallah huɗu zai yi a kan dokin aro, kuma mai yiwuwa mace ce za ta zo. Ya yi fushi kwana biyu. Da na je gida makon jiya na tarar shi da jikan tsohon sun kafa turke na biyu kusa da na goɗiyar, gajere ƙwarai, sai da tsohon ya sa suka tuge shi suka sake haƙa rami mai zurfi.