Butum-butumi mai rikiɗa: Abin da gwangwan ya ci, da abin da ya rage

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Dutse a ƙarshen shekarun 1980, tun Jigawa na cikin tsohuwar Jihar Kano, ya san yadda yamma take. Talabijin ba ta buɗewa sai ƙarfe huɗu, kuma a unguwa guda da ƙyar a samu gida biyu masu ita. Yara kan cika tsakar gidan mai talabijin, wasu a kan tabarma, wasu a kan turmi, ana jiran NTA ta sako Voltron: zakuna biyar na ƙarfe da ke haɗuwa su zama ƙaton butum-butumi mai takobi. Washegari kuwa sai ka ga kowane yaro ya duƙufa da kara da ƙaya, ko gwangwanin madara da langa-langa, wai shi ma zai haɗa nasa. Shi ya sa a wancan zamani duk wani abin wasa mai kai da ƙafa na ƙarfe sunansa ɗaya a bakin yara, wato “Boltiron”.

A cikin waɗannan yara akwai wani ɗan unguwar Garu, wanda yau magidanci ne mai 'ya'ya biyar, kuma tsohon mai shagon hayar kaset. Shi Allah Ya ba shi abin da sauran ba su samu ba. Kawunsa, direban mota a hanyar Kano, ya tsinto masa wani abu a cikin kayan gwanjo na Ƙofar Wambai. Da ka gan shi ka ga ƙaramar rakoda shuɗiya, har da murfin saka kaset. Amma idan ka ja nan ka lanƙwasa can, sai ƙafafu su sauko, hannaye su fito, kai ya ɗago, rakoda ta zama mutum. Ɗan kaset ɗin da ke cikinta ma buɗewa yake ya zama tsuntsu. Yaron ya zama sarki a unguwa, har gyaɗa da alewa ake ba shi don a taɓa.

Sai bayan shekaru da yawa ya san cewa abin nan ba Voltron ba ne. Sunansa Soundwave, ɗan gidan Transformers, kuma tarihinsa ya cancanci mai karatu ya ji. Kamfanin Takara na Japan ne ya fara ƙera irin waɗannan kaya da sunan Diaclone a 1980, sannan Micro Change a 1983. Na farkon motoci ne masu rikiɗa, na biyun kuma kayan gida irin su rakoda da kyamara da bindiga. Mutanen kamfanin Hasbro na Amurka suka gan su a bikin baje kolin kayan wasa na Tokyo a 1983, suka sayi haƙƙi, suka haɗa su wuri guda. Daga nan suka nemi marubutan Marvel su ba kowane suna da hali da labari. A 1984 aka fitar da su kasuwa tare da katun na talabijin: Optimus Prime, jar tirela, shi ne jarumi, Megatron, wanda ke zama bindiga, shi ne bos. Voltron ma a 1984 ya fito a Amurka, shi kuma daga wani katun na Japan mai suna GoLion na 1981 aka juyo shi. Abin sha'awa, Peter Cullen da ya yi muryar Optimus Prime shi ne kuma mai ba da labari a farkon Voltron.

Ka ga a nan kaya ne suka riga labari zuwa duniya. Katun ɗin talla ce kawai mai tsawo. Hakan ya fito fili a fim ɗin 1986, inda aka kashe Optimus Prime tun kafin a yi nisa, don a share wa sababbin kaya hanya a kanti. Yara suka yi ta kuka a silima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, dole aka dawo da shi da rai a 1987. 'Yan kasuwa sun ɗauka roba da ƙarfe suke sayarwa, ashe yara sun riga sun mai da shi ɗan'uwa.

Shi dai mutumin Garu bai san wannan duka ba ranar da ya dawo hutu daga makarantar kwana ya duba ƙarƙashin gado bai ga komai ba.

“Inna, ina Boltiron ɗina?”

“Wannan tarkacen? Ai masu gwangwan sun zo, na haɗa da tsohuwar fitila sun ba ni robar wanki. Kai da ka girma, me za ka yi da shi?”

Bai ce uffan ba, don ba a jayayya da uwa. Kuma Inna ba ta yi laifi ba. A idonta ƙarfen da ba ya dafa tuwo ba ya ɗebo ruwa, gara roba.

A 2007 darakta Michael Bay ya fitar da fim ɗin Transformers, wanda ya tara sama da dala miliyan 700 a duniya. Yaran 1984 sun girma sun yi kuɗi, kowa na neman abin da ya rasa, sai kasuwar tsofaffin ta ƙara tashi. A yau masu tarawa a Amurka da Japan da Ingila suna da ƙa'idojinsu. Suna duba tambarin Takara da Hasbro da shekarar da aka buga a jikin kayan. Suna ƙirga 'yan ƙananan abubuwan da yara ke fara ɓatarwa, kamar bindiga da dunƙulen hannu. Suna duba ko farar robar ta koma ruwan ɗorawa saboda rana. Sama da komai suna neman kwali, domin wanda ba a taɓa buɗewa ba yana iya kai dubban daloli, wanda kuwa ya sha wasa ya rasa kayansa kuɗinsa kaɗan ne. Akwai kuma wata baƙar sitika da aka fara mannawa a 1985 don bambanta na gaske da jabu: idan ka murza ta da yatsa, ɗumin jiki ya sa tambarin ya bayyana. Da mutumin namu ya ga wannan bayani a waya sai ya yi shiru, don ya tuna yadda suke layi suna murza wannan sitika suna cewa tsafi ne. Nasa na gaske ne ke nan.

To, mai karatu zai ce, me ya haɗa wannan da shafin fim? Abin da ya haɗa su yana cikin wani ɗaki a gidan su mutumin. Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha a 1991, ma'aikata suka cika gari, bidiyo ta shiga gidaje. Daga baya ya buɗe shagon haya, yana zuwa Kano sari, a Bata da wannan Ƙofar Wambai ɗin dai da aka samo masa rakodarsa. Ya ga zamanin Gimbiya Fatima da In Da So Da Ƙauna, ya ga yadda aka yi rububin Sangaya da Wasila a wajajen 2000. Da faifan sidi ya zo ya kori kaset, abokan sana'arsa suka zubar da nasu a bola, yara suka zare zaren suna ɗaura wa filfilo. Shi kuwa ya zuba nasa a buhu da kwalaye, kowane kaset da kwalinsa, har da fostocin da ake manna wa a ƙofar shago, ya kulle.

Kwanan baya aka tashi gyaran gida za a yi wa ƙaninsu aure, babban wansu ya ce a fitar da shirgin.

“Haba Yaya, a bar min su. Ko a soro ne zan ajiye.”

“Kai dai ba ka rabo da tarkace. Wa ke da bidiyon kallonsu yanzu? Ai komai na YouTube.”

“Ba komai ba ne, Yaya. Akwai finafinai a nan da ko furodusan da ya yi su ba lallai ne yana da kwafi ba.”

Maganarsa tana kan hanya. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, an yi finafinan Hausa bila adadin a kan kaset, kuma kaset ba ya jure zafi da ƙura da danshin damina. Kamfanoni da dama sun rufe, wasu jaruman sun rigamu gidan gaskiya, abin da ya rage na muryarsu da fuskarsu yana cikin irin waɗannan buhuna. Abin da aka ɗora a intanet kuwa sau da yawa dishi-dishi ne, an yanke sunayen ma'aikata, babu fosta babu kwali. Japanawa sun adana tarihin abin wasan yara har ana sake ƙera shi don manya, kamar jerin Masterpiece da Takara ta fara a 2003. Mu kuwa tarihin industiri guda muke bai wa bola da gara.

Babu wanda zai ce kaset ɗin Sangaya zai kai kuɗin Optimus Prime. Kasuwar ba ɗaya ba ce. Amma abin da ke sa tsohon abu daraja iri ɗaya ne ko'ina: mutane da yawa sun so shi, kaɗan ne suka ajiye. Saboda haka duk mai kaset a gida, a Dutse ne ko Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, ya ɗaga shi daga ƙasa, ya nisanta shi da rana da lema, ya bar shi a kwalinsa, in da hali a juye shi a kwamfuta. Furodusoshi da ƙungiyoyin 'yan fim su ma lokaci ya yi da za su bi tsofaffin masu shagon haya gari-gari, tun kafin a tashi gyaran ɗakin wata amaryar.

A gidan Garu dai an yi sulhu: amarya ta samu ɗakinta, buhunan sun koma kan wani benci a ɗakin mutumin, matarsa na ta mita. Allah Ya jiƙan 'yan fim ɗinmu da suka rasu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari.